Sabon Saksafon Ɗin Da Nake Tsoron Saya Wa Mahaifina

Assalamu alaikum Malama mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu, manya da ƙanana. Ina fatan kun tashi lafiya, ya iyali, ya kuma haƙuri da wannan zamani da muke ciki. Malama, ina roƙonki ki ɓoye sunana, sunayen da za ku gani a nan ma ba na gaskiya ba ne. Ku kuma masu sharhi, don girman Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku ɗauki sanda. Na san abin dariya ne a ce mutum ya zo shafin da ake kukan mutuwar aure yana tambayar ko ya sayi abin busa. Ni ma da wani ne ya rubuto haka a shekarun baya, da cewa zan yi ya ƙoshi ne. Amma ran mahaifina ne a cikin wannan ciniki, kuma ni na jefa shi ciki da hannuna.

Ni ɗan wani ƙauye ne tsakanin ƙasar Batsari da ta Safana, kasuwar Wagini muka fi ci. Kakanmu ya rasu a kan addinin gargajiya, ya bar 'ya'ya maza biyu. Babana ya shiga coci, ƙanensa, wanda nake kira Baffa, ya musulunta. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu, ita ma akwai inda ta rushe ba wanda ya damu ya gyara, don ta nan ake miƙa tuwo. Da Sallah mu ci nasu, da Kirsimeti su ci namu, Baffa ne ma ke yi mana yanka don kowa ya samu ya ci. Babana tsohon soja ne amma bai taɓa harbin kowa ba, ɗan badujala ne, cikin masu busa in ana fareti. Da ya yi ritaya ya dawo gida da muƙamin Saje, da ciwon gwiwa, da wani baƙin akwati da ya fi ƙaunarsa a kan mu 'ya'yansa, ko kuma haka muke gani muna yara. Abin da ke ciki saksafon ne, babban nan mai kaurin murya da suke kira tena. Ga wanda bai taɓa gani ba, kamar algaita yake, sai dai na tagulla ne, wuyansa a lanƙwashe, jikinsa duk ramuka. Kowane rami da murfinsa, kuma a ƙarƙashin kowane murfi akwai 'yar fata zagayayyiya mai laushi da ke toshe iska. Mutanen gari ba su wahalar da bakinsu ba, algaitar Saje suke ce masa.

Ya busa shi a coci, ya busa a bikin Musulmi da na Kirista, ya busa in an gama gayya. Ba ya barin kowa ya taɓa. Ya gwada koya mini ina saurayi, bai daɗe ba ya ce kunnena na jaki ne, in koma ga fartanyata. Ban ji haushi ba don gaskiya ya faɗa. Ni manomi ne, abin da na sani shanun huɗa da wake, kuma ni ne autansa, ni kaɗai na zauna da shi a gida bayan rasuwar mahaifiyarmu. Yayata mace tana aikin asibiti a Kaduna.

Ba sai na ba ku labarin abin da ɓarayin daji suka mayar da yankinmu ba, kun ji, wasunku ma sun gani. A lokacin da aka rufe layin waya muka rasa yadda wanda ke gida zai sanar da wanda ke gona. Aka taru ƙofar gidan mai unguwa. Wasu suka ce a riƙa busa ƙaho, aka ce ai maharba ma suna busawa, yara ma suna wasa da shi, mutum ba zai san na gaske ba. Baffa ne ya ce ga algaitar yayansa, muryarta na tsallake fadama, kuma duk ƙasar nan babu abin da ke kuka irinta. Aka yi na'am. Aka kuma kafa doka, dokar da a lokacin kowa ya ce hankali ce: daga ranar ba za a sake busa ta ba, ba a biki ba, ba a coci ba, ko gwaji ba za a yi ba. Duk wanda ya ji muryarta ya yar da fartanya ya nemi wurin ɓuya. Aka kai akwatin wani kogo a saman dutsen da ke yamma da gari, inda ake hango hanyar da ta fito daga daji, Baba kuma ya riƙa hawa kullum da safe da goran ruwansa yana ɗingishi. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na lokacin ba, cewa yake an mayar da shi bakin aiki. Kuma abin ya yi rana. A daminar farko ya hango babura, ya busa, kafin su iso ba su tarar da kowa ba sai awaki. Da yamma mata har guɗa suka yi masa.

Ni ma ya koya mini sauti ɗaya tak, mummuna, wanda ya isa gangami, don in riƙa zama a madadinsa ranar Lahadi in zai je coci. A cikin rumbu ya koya mini shi kafin dokar ta fara aiki. Shi kuwa daga baya ya daina buɗe akwatin kwata-kwata. Ya ce in ya buɗe ya ga abin yana ƙyalli, hannunsa ba ya haƙuri, yana tsoron wata rana ya kasa daurewa ya tayar da gari a banza. Sai ya ɗora mini aikin dubawa da gogewa. Mutumin da ya taɓa zane ni don na taɓa marfin akwatin, yau shi ne ya miƙa mini ɗaya daga cikin makullansa biyu. Kun san yadda na ji? Ji na yi na zama mutum.

Da bazara, wata Lahadi, na buɗe na ga fatun nan sun bushe, wasu har sun fara tsagewa a gefe saboda zafin dutse. To me manomi ke yi wa fatar da ta bushe? Me muke yi wa kuben wuƙa, da takalmin fata, da maɗaurin karkiyar shanu? Man shanu muke shafawa, haka na taso na ga ana yi, kuma ban taɓa ganin ya ɓata komai ba. Lahadin da ta biyo na ɗebo man shanu a kwanon matata, na zauna na bi fatun ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, a hankali, ina jin daɗin kaina, ina cewa ranar da Baba ya gani zai san kunnen jaki ma yana da amfani. Ban tambaye shi ba. Me ya hana ni tambaya? So nake in ba shi mamaki. Garin neman gira na rasa ido.

Da na sake buɗewa, bayan an yi ruwan shuka, wari ne ya fara tarar da ni. Ɓera ya huda gefen akwatin, kiyashi kuma sun cika ciki baƙi ƙirin. Fatun da na shafa wa mai sun tafi. Wasu an cinye su saura wani abu kamar auduga, wasu sun ɓalle sun faɗo ƙasan akwatin. Na zauna a kan dutsen. Na kakkaɓe kiyashin, na mayar da abin da zai mayu, na cusa tsumma a ramin ɓeran, na rufe. Na so in gwada in ji ko yana kuka, amma in ya yi kuka fa? Masu ciki da tsofaffi za su kwasa da gudu a banza, kuma dole in yi bayani. Sai na shiga yi wa kaina huɗuba. Na ce ai algaita ma ramuka gare ta ba fata, kuma tana kuka. Na ce Baba gwani ne, ko gora aka ba shi zai fitar da murya. Na ce in an kwana biyu zan san dabarar da zan sulale da shi Kano a gyara ba wanda ya sani. Ta yaya, alhali kullum yana zaune a gefensa? Ban sani ba. Gobe, jibi, haka na yi ta turawa. Gaskiyar ita ce tsoron idon Baba nake yi. Ba dukansa ba, na wuce duka. Kallon da zai yi mini ya karɓe makullin nan, shi na kasa ɗauka.

Har ya tambaye ni. Muna cin tuwo a tsakar gida ya ce, "Auta, ka duba mutumin kuwa?"

Na ce, "Na duba, Baba. Lafiyarshi lau."

Ya ce, "Madalla. Ni ba ni son ganin shi, raina ke biyawa."

Ga abin da ya fi komai ƙona ni, kuma ban taɓa faɗa wa ko matata ba. Daga ranar da na ga kiyashin nan na daina zuwa gonarmu ta nesa, ta bakin rafi. Na ce wa matata bana gonar gindin dutse za mu fi ba ƙarfi, ita ma kada ta sake ta wuce fadama neman itace. Ke nan na sani. Duk huɗubar da nake yi wa kaina, ƙafafuna sun san gaskiya, sun kai ni inda ihu zai iya riskata. Lawal, babban ɗan Baffa, sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya, gonarsa na maƙwabtaka da tamu ta bakin rafi. Kullum ya wuce ni da shanunsa sai ya tsokane ni, wai aure ya kashe mini gwiwa na koma noman bayan ɗaki kamar tsohuwa. Ina dariya. Sau nawa na buɗe baki in ce masa kada ya dogara da algaitar nan? Kalma ɗaya ta isa. Na bar shi ya wuce.

Ranar da suka zo hantsi ne, ana maimai, wato noma na biyu, kowa na gona. Baba ya hango su tun daga nesa, da sauran lokaci mai yawa. Ya buɗe akwatin a gaggauce, bai tsaya duba komai ba, ya haɗa wuyan ya kai baki. Iska ce kawai ta fita, da wani ɗan tsiririn ƙara kamar kukan ɗan akuya. Ya sake, ya sake, ya yi ta busawa har ya ga jiri. Sai ya yar da shi ya kama ihu, ya gangaro da gudu da gwiwar nan tasa, ya faɗi tsakanin duwatsu ya karya ƙugu. Mu na kusa mun ji ihun, mun tsira, ni na goyo shi zuwa cikin wani kwazazzabo. Na bakin rafi ba su ji komai ba sai ƙarar babura a kansu. An kashe Lawal a cikin kunyar gonarsa, fartanya a hannunsa, tare da wasu da ba zan lissafa ba. An kore shanu. An tafi da mata, wasu sun dawo daga baya, wasu har yau ba labari.

Washegari, bayan an yi jana'iza, kowa na ɗaure kaya za a bar gari, ni na hau dutsen. Na tarar da saksafon ɗin a yashe, ya lotse a gefe, murafansa a wangale babu fata, duk mai ido zai gane ba lafiya ba. Wannan shi ne shaidar da za ta wanke mahaifina. Na san haka a lokacin, ba daga baya na gane ba. Na cusa shi a buhu da akwatin, na ƙara duwatsu, na kai wata tsohuwar rijiya a kufai na jefa. Da aka tambaya na ce na duba ban gan shi ba. Mutane da kansu suka ƙarasa mini ƙaryar, suka ce ɓarayin ne suka ɗauke, sun zaci zinariya ce.

Mun dawo Safana, muka kama hayar ɗakuna biyu a bayan gari, su Baffa ma suna nan unguwa ɗaya da mu. Ba a yi nisa ba magana ta fara yawo. Me ya sa Saje bai busa ba? Bara ya busa, bana me ya canza? Me ya sa ɗansa ya ƙi gonar bakin rafi tun farkon damina? Me ya sa ba a ƙona gidansu ba? Ba wanda ya faɗi kalmar a gabanmu, amma na ji ta a bayanmu a bakin rijiya da wajen masu shayi: infoma. Ku da ke birni ba lalle ku san nauyin kalmar nan a wurinmu ba. Wanda aka laƙaba wa ita ba ya ganin alƙali. Na ga abin da aka yi wa wani mai sayar da burodi a kan zargin da bai kai wannan ba, kuma har yau ba na iya bin ta wurin. Sale, ƙanen Lawal, ya shiga 'yan sa-kai bayan rasuwar wansa. Yaron da na goya, yanzu in mun haɗu ba ya amsa gaisuwata da baki, kai kawai yake ɗagawa.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci suka zo, shi da abokansa, bindigogi a kafaɗa, suka ce Saje ya fito a yi masa tambayoyi. Baba na kwance ba ya iya tashi. Ni ina tsaye a bakin ƙofa, na san abin da ya kamata in faɗa, na kasa. Baffa ne ya iso da sauri, da alwalarsa, da Alƙur'ani a hannu. Mutumin da bai gama karɓar gaisuwar ɗansa ba ya tsaya tsakanin yaran nan da ƙofarmu, ya dafa Littafi ya rantse cewa yayansa bai ci amanar kowa ba, ƙirjinsa ne ya gaza, tsufa ne ya ƙwace masa numfashi, shi da kunnensa ya ji shi yana tari tun farkon damina. Abin da Baba ya faɗa masa ke nan, kuma abin da Baba ya yarda da shi ke nan har zuciyarsa. Sale ya ce wa mahaifin nasa, "Don rantsuwarka muka bar shi, Baba. Amma kunnena na nan buɗe." Suka juya.

To kun ga abin da ke riƙe da ran mahaifina yau: an yarda cewa ba ya iya busa. Shi ke nan. Babu wata katanga bayan wannan.

Kuma wannan abin da ke kare shi, shi ne ke cin shi. Ƙugun ya ɗoru, yana takawa da sanda, amma mutumin ya tafi. Ya daina zuwa coci. Tuwo sai an yi da gaske yake cin loma biyu. Duk wanda ya zo gaishe shi, kafin a gama gaisuwa zai ce ƙirjinsa ya ci amanarsa, ranar da aka fi bukatarsa ranar ya zama fanko. In ya ji muryar matar Lawal ta wuce da marayunta sai ya juya fuska bango. Na sha shiga in tarar yana jan numfashi yana riƙewa, yana gwada kansa, idonsa jawur. Mutumin da in ya yi gyaran murya a zaure kaji ke watsewa, yanzu sai na sunkuya nake jin abin da yake cewa. Kullum ni ke yi masa wanka, yana sa mini albarka, yana cewa Allah ya ba ni mai yi mini. Kun taɓa jin albarka tana ƙuna? Ni kullum da safe nake ji.

Na yi yunƙurin faɗa wa Baffa sau ɗaya. Na same shi a rumfar da yake ɗan sayar da hatsi, na durƙusa na gaishe shi, na ce akwai maganar da ke cina. Ya ce shi ma yana nemana. Ya ce in Allah ya kawo zaman lafiya aka koma gida, gonar Lawal ni zan riƙa nomawa in ciyar da yaran, don Sale ya zaɓi bindiga, shi kuma ƙarfinsa ya ƙare. Ya dafa kaina ya ce yanzu ni ne Lawal ɗinsa. Sannan ya ce to mece ce tawa maganar. Na ce dama maganar taki ce. Na tashi na tafi ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yanzu ga inda saye ya shigo. Yayata ta zo ta ɗauki Baba ta kai shi asibitinsu, aka yi masa hoton ƙirji da duk gwajin da ake yi. Likita ya ce huhunsa ya fi na wasu samari, tarin damina ne kawai ya yi ya wuce. Baba ya ce likita yaro ne bai san komai ba. Ni kuwa na roƙi Yaya kada ta bari maganar ta fita, na ce mata saboda bakin mutane, ba ta gane zurfin abin ba don ba a nan take zaune ba. Ita abin da ta gani shi ne mahaifinta na mutuwa a tsaye da ciwon zuciya. Ta ce maganinsa ɗaya ne, a mayar masa da abin busarsa, ya busa ya ji da kunnensa cewa numfashinsa na nan. Ta yi ta yawo har ta samu wani shago da ke sayar da kayan kiɗan coci, suna da tena sabo fil a cikin leda. Ta turo mini hotonsa. Ta ce ita ta haɗa nata kason, saura nawa, in sayar da waken da na samu na noma a gonar aro bana, a kawo masa kafin Kirsimeti. Ta ce ni na san irin wanda ya saba da shi, in duba in ce mata a saya ko a nemi wani.

Na kawo mata dalilai kala-kala. Na ce sabo ba ya kai tsoho ƙarko. Na ce wake bai yi daraja ba tukuna. Na ce a bari ya ƙara samun ƙarfi. Ta gaji ta ce mini marowaci, ta ce ashe buhun wake ya fi mini uban da ya haife ni. Matata ma ta bi bayanta, ta ce in kuɗin ne za ta sayar da tunkiyarta. Na karɓi sunan, don marowaci suna ne mai sauƙi a kan wanda na cancanta. Ba kuɗin nake ji ba, wallahi da zan iya sayen ranar nan in goge ta da na sayar da kaina. Ina son ya warke. Ina son in sake jin muryar nan ko sau ɗaya. Amma ku duba mini: gidan haya ne, katangar langa-langa ce, abin kuma muryarsa na tsallake fadama. Ranar da Baba ya kai shi baki ya yi kuka, kafin ya sauke unguwa ta ji, Sale ya ji. Me za su ce? Ashe yana iyawa. To ranar me ya hana shi? Rantsuwar Baffa ta tashi a banza, kuma wannan karon babu wanda zai tsaya a ƙofa.

Na ɗauka wannan ne iyakar abin tsoron, sai shekaranjiya. Yaya ta gaji da ni, ta kira da rana ta ce in kai wa Baba wayar in buɗe murya. Ashe tana cikin shagon. Ta sa mai shagon ya busa. Ina kallon Baba. Ya ɗago daga kwancen da yake, ya zauna, abin da ya daɗe ba ya yi sai an matsa masa. Yatsunsa suka kama motsi a kan gwiwarsa. Da mutumin ya gama, Baba ya ce wa Yaya abin mai kyau ne, amma mai busawar ba ya cika shi, tsoronsa yake ji. Har ya yi 'yar dariya. Yaya tana kuka a waya tana cewa ka ji ko, Auta, ka ji ko. Da na kashe wayar ya ce in rufo ƙofa in zauna. Na zauna a ƙasa gabansa.

Ya ce, "Ku sawo shi. Ina son in san gaskiya kafin in mutu. In na busa ya ƙi, to likita ya yi kuskure, ƙirjin ne, in kwanta da sanin ba laifina ba ne. In kuwa ya yi kuka, to ba ƙirji ba ne, tsoro ne ya kama ni rannan. Don ba daga wancan abin busar ba ne, kai ka duba shi ka ce mani lafiyarshi lau, kuma kai ba ka taɓa yi mani ƙarya ba. In haka ta kasance, ba sai Sale ya zo ba. Ni zan taka da sandata in je in gaya ma ƙanena shi yi kaffarar rantsuwarshi, in ce mashi ragon soja ne ya kashe mashi ɗa."

Na ce masa to, Baba. Na tashi na fita.

Jama'a, ga ni gaba kura baya sayaki. In na ƙi saye, zan ci gaba da kallonsa yana narkewa a kan laifin da ba nasa ba, kuma na san Yaya, za ta ci bashi ta sawo ko ba ni. In na saya na yi shiru, abin zai yi kuka, na fi kowa sanin zai yi, kuma mahaifina zai kai kansa da ƙafarsa inda ba a dawowa. In na faɗi gaskiya, shaidar tana ƙasan rijiya a garin da ba mai iya shiga yanzu. Wa zai yarda da labarin man shanu da kiyashi? Ba za su ce ɗa ne ke rufa wa ubansa asiri ba, ko su ce tare muka ƙulla, tunda ni ne na janye matata daga bakin rafi? In ma sun yarda, ni ne a hannun Sale, ga matata da ciki, ga Baba ba mai ɗaga shi. Kuma ko ba wanda ya taɓa ni, da wane baki zan gaya wa Baffa cewa na san algaitar ta mutu, na bar Lawal ya wuce ni yana dariya? Da wane ido zan kalli Baba in ce masa duk watannin nan da yake tsine wa ƙirjinsa, ina tsaye a kansa da ruwan wanka na sani?

Ba na neman a ce mini ba ni da laifi, na san abin da na aikata. Malamai da fastoci da ke karanta shafin nan, da duk wanda ya san halin yankinmu, ku gaya mini wa zan fara tunkara, kuma ta yaya zan yi mahaifina ya fita da ransa da sunansa. Mai shagon ya ce ba zai riƙe mana shi ya wuce ƙarshen makon nan ba. Waken yana ɗaure a buhu, Yaya na jiran kirana, Baba kuma tun jiya ya fara cin abinci, ya ce yana tara ƙarfin busa.

Me zan yi?